Shaidu Biyu a Kan Iskar Birnin Gwari

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanen ƙasarmu, malaminsu da almajirinsu, wadda ake faɗa duk sa'ad da hunturu ya kama, sararin sama ya yi fari fat, tari da mura suka shiga gida-gida: a ce hazo ne, daga Allah ne, sai haƙuri. Maganar gaskiya ce, babu kuwa mai imanin da zai yi jayayya da ita, domin babu wani motsi ko tsayawa, a sama ko a ƙasa, face da ikon Mahalicci. Amma fa gaskiya takan zama mayafi a lulluɓe wani abu da ita wanda ba a so a duba, kuma abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne, a cikin wannan farin da ke rufe ƙasar Birnin Gwari tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris, daga Kuyello zuwa Dogon Dawa, daga Randagi zuwa Gwaska, nawa ne ya sauko mana ba da hannun kowa ba, nawa ne kuma muka hura da hannunmu, sa'an nan wane ne ya cancanci ya ba da shaida a kan wannan rabo.

Tambayar ba baƙuwa ba ce a zauren malamai, ko da yake ba da wannan siga suka yi ta ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya sauke Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya san an ambaci ƙura da hayaƙi a wurare biyu, an kuma yi musu hukunci iri biyu. A babin azumi an yi rangwame, cewa ƙurar hanya idan ta wuce maƙogwaron mai azumi babu ramuwa a kansa, haka nan ƙurar gari ga mai niƙa da ƙurar hatsi ga mai awo, saboda abu ne da ba shi da makawa, shari'a kuwa ba ta kallafa wa bawa abin da ba ya iya kauce masa. Amma da aka zo kan haƙƙin maƙwabtaka sai harshe ya sauya, aka ba alƙali ikon hana hayaƙin gidan wanka, da warin majema, da kafa masussuka a gaban gidan mutum inda iska za ta kwaso ƙaiƙayi ta zuba masa, domin wannan cuta ce da wani ya ƙaga, wanda ya ƙaga ta kuwa yana da suna, ana iya kiransa gaban shari'a. A birnin Tunis, a ƙarni na 14 na Miladiyya, an yi wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai kan aika ya je ya dubo irin waɗannan ƙararraki da idonsa ya dawo ya yi bayani, har ya tattara abin da ya gani a littafi kan hukunce-hukuncen gini. Watau tun a wancan zamani an san cewa alƙali, komai zurfin karatunsa, ba ya raba cutar da za a yi haƙuri da ita da cutar da za a gusar sai ya jingina da shaidar wanda ya san sana'ar.

Sai dai ƙarar da ta zo gaban alƙalan da mai sauƙi ce idan an gwada ta da tamu, domin hayaƙin tanderun mai burodi ana ganinsa da ido yana fita daga wannan rufi yana shiga waccan taga. Namu kuwa a cakuɗe yake zuwa. Can arewa maso gabas da Tafkin Cadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda dubban shekaru da suka shige gindin wani babban tafki ne, ruwan ya janye ya bar farar laka mai laushi, yawancinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iskar arewa maso gabas kuwa, idan ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, sai ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan laka ta yi sama da ita, cikin kwana ɗaya ko biyu ta rufe Kano da Zariya, ta gangara kudu. Masana sun ce babu wuri guda a doron ƙasa da ya kai shi tayar da ƙura. Wannan kaso ba na kowa ba ne, kuma ba sharri ne tsantsa ba: wani Bature mai suna Grant McTainsh, wanda ya zauna a Kano yana tara ƙurar hunturu yana aunawa a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna cewa ƙasar noma ta kewayen Kano akwai hannun wannan ƙura a gininta, haka kuma aka san lallausar ƙasar nan ta Zariya da Funtuwa, wadda masara ke so, iska ce ta shimfiɗa ta tun zamani mai nisa. Amma a daidai watannin nan ne, bayan an kawar da masara da dawa, ciyawa ta bushe, mafarauta da makiyaya da masu sharar gona suke cinna wa daji wuta. A lokacin ne masu gawayi ke tara gungumen itace su rufe shi da ƙasa ya yi kwana da kwanaki yana turnuƙewa. A lokacin ne sanyi ke sa uwargida ta shigar da murhu ɗaki, ta ja ƙyaure, goyo a bayanta. Ga injinan niƙa dutse na masu neman zinariya, ga babura, ga manyan motocin katako a kan hanyar da ba kwalta. Duk waɗannan suna da masu su, amma da zarar sun hau iska sun haɗu da na Bodele sai su zama abu guda, a kira shi duka hazo.

Manomi ya san wani abu na wannan bambanci ba tare da na'ura ba. Ranar da ƙurar hamada ce ta yi rinjaye, rana takan fito fara sol, ba zafi ba kaifi, inuwar mutum ta dushe, ƙura mai laushi ta kwanta a kan faifai da murfin randa har yaro ya iya zane a kai da yatsa, leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi. Ranar da aka sa wa daji wuta kuwa, tun la'asar rana takan yi ja, idanu su yi yaji, baƙin ɓarɓashin ciyawa ya riƙa saukowa tsakar gida yana faɗawa cikin ƙullu da kan shanyar wanki. Dalilin wannan a wurin masana shi ne, ƙwayar ƙura babba ce, tana tare launukan haske kusan daidai da daidai, ƙwayar hayaƙi kuwa ƙarama ce ƙwarai, ta fi tare shuɗi ta bar ja ya wuce. Amma idon manomi ba ya iya cewa kashi kaza na wannan, kashi kaza na wancan, kuma yawancin ranakun hunturu duka biyun suna nan tare.

Masu ilmin zamani da suka ɗauki nauyin iska sun kasu gida biyu, kuma sun daɗe kowane gida yana tafiya da tasa manufa. Gida na farko su ne hukumomin sa ido, waɗanda aikinsu shi ne su auna abin da ke shiga hancin mutum, kullum, shekara da shekaru, su gwada shi da iyakar da doka ta sa. A Nijeriya akwai hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, akwai kuma hukumar yanayi ta NiMet, wadda ta fi damuwa da nisan da matuƙin jirgi zai iya hange. Ma'aunin da suke komawa gare shi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, wadda a 2021 ta ce ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiron 10 ba kada su haura maikirogiram 45 a yini, a cikin iska mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya bisa. Waɗanda ba su wuce maikiron 2.5 ba kuwa, masu kutsawa can cikin huhu har su shiga jini, kada su haura 15. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A 2016 wannan hukuma ta fitar da jerin birane inda aka rubuta wa Kaduna maikirogiram 423 na ƙwayoyin da ba su wuce maikiron 10 ba a matsakaicin shekara, alhali iyakar wancan lokaci 20 ce, sai garin ya faɗa cikin sahun farko na masu gurɓatacciyar iska a duniya. Adadin ya tayar da hankali, ya kuma kamata ya tayar, amma bai faɗi nawa ne na Bodele ba, nawa ne na mota da masana'anta da ƙona shara. Saboda haka mai son ya wanke kansa ya ce hazo ne, mai son ya zargi gwamnati ya ce hayaƙi ne, babu mai iya ƙaryata wani.

Gida na biyu su ne masu bincike, waɗanda tambayarsu ita ce mene ne wannan abu, daga ina ya fito, yaya yake tafiya. Mafi shahara a cikin haɗakarsu ita ce AERONET, wadda hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa tare da masanan Faransa a farkon shekarun 1990, yau kuma tana da ɗaruruwan tashoshi a duniya, ciki har da ta Jami'ar Ilori, mai aiki tun 1998. Na'urarsu 'yar ƙarama ce, mai bututu biyu a kan wuya mai juyawa, ana girke ta a kan rufi tana cin wutar hasken rana. Idan gari ya waye sai ta ɗaga kai da kanta ta nemi rana, ta auna yawan hasken da ya iso a launuka daban-daban, sa'an nan ta sunkuyar da kai don kada ƙura ko ruwa su shiga idonta, bayan ɗan lokaci ta sake. Abin da manomi ke gani a farin rana da janta shi take mayarwa lissafi, har ta ce yau manyan ƙwayoyi ne suka fi yawa ko ƙanana. Amma ita ma shaidarta guntuwa ce, domin tana haɗa duk abin da ke tsakaninta da rana ta ba da jimla guda, ba ta san ko ƙurar tana can bisa kilomita biyar ba ko tana daidai hancin yaro. Idan gajimare ya tare rana ta yi shiru. Abin da ke faruwa a ɗakin da aka rufe da murhu a ciki kuwa ba ta da labarinsa ko kaɗan.

Ga shaidu biyu ke nan, ɗaya ya san yawan abin da aka shaƙa bai san asalinsa ba, ɗaya ya san asali bai san abin da ya iso ƙasa ba. A ganina haɗuwarsu ba ladabi ba ne da ake yi wa abokin sana'a, sharaɗi ne na ingancin shaidar kanta. Wurin da wannan ya fi bayyana a kusa da mu shi ne Banizumbu, wani ƙauyen Zabarmawa kimanin kilomita 60 gabas da Yamai, inda aka girke na'urar duban rana tun 1995, sa'an nan a 2006, cikin babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, aka ajiye mata abokiya mai auna ƙura a ƙasa, aka yi haka kuma a Sinzana ta ƙasar Mali da Mbur ta ƙasar Senegal, tashoshi uku a jere a kan hanyar ƙura. Da aka tara shekaru aka kwatanta, sai ga shi lissafin biyu ba ya tafiya daidai: a tsakiyar hunturu ƙura a ƙasa-ƙasa take tafiya, akwai ranakun da ma'aunin ƙasa ke haura maikirogiram 1,000, amma idan bazara ta shigo zafi ya ɗaga ta sama, sai mai duban rana ya ce sama ta yi duhu alhali abin da mutane ke shaƙa ya ragu. Wanda ya dogara da shaida ɗaya da ya yi kuskuren lokacin haɗari da makonni masu yawa. A watannin Janairu da Fabrairu na wannan shekara ta 2006 jiragen bincike da suka tashi daga Yamai suka tarar da iska hawa-hawa, ƙurar hamada a ƙasa, hayaƙin ƙunar daji na ƙasashen kudu yana bisa kanta. A Ilori ma daga baya wata haɗaka mai suna SPARTAN ta ajiye na'urar tace iska kusa da mai duban rana, da niyyar a san yadda za a fassara abin da tauraron ɗan'adam ya hango daga sama zuwa abin da huhu ya karɓa a ƙasa. Takardar tacewar, idan an ciro ta, launinta kansa yana magana, wata ta fito ruwan ƙasa, wata baƙa ƙirin, sa'an nan a kai ta ɗakin gwaji a tantance abin da ta kama.

Akwai wani abu a tsarin waɗannan mutane da duk wanda ya karanta ilmin hadisi zai gane shi nan take. Ba su yarda da na'ura don ta yi magana ba, sai sun san daga wa ta karɓo. Kowace na'urar duban rana, kafin a kai ta inda za ta yi aiki, sai an jera ta kusa da wata babba an daidaita su, ita babbar kuwa an daidaita ta a kan dutsen Mauna Lowa na tsibirin Hawai ko dutsen Izanya na tsibiran Kanari, inda iska take garau. Idan ta gama wa'adinta a daji sai a mayar da ita a sake gwada ta, kuma lissafin da ta bayar ba ya hawa matakin ƙarshe na inganci sai an ga abin da ta zama bayan dawowa. Isnadi ke nan, da tazkiyyar mai ruwaya a farko da ƙarshe. Na kawo wannan ne domin yanzu ƙananan na'urori masu araha sun yawaita a biranenmu, abin farin ciki ne, amma na'urar da ba a taɓa gwada ta da wata amintacciya ba labarinta labarin wanda ba a san halinsa ba ne, ana rubuta shi, ba a gina hukunci a kansa. Isnadin yana hannun masu bincike, yawan wurare da dawwama suna hannun masu sa ido.

Dawwamar nan ita ce nake ganin an fi raina ta, alhali tauhidinmu kansa ya ba ta matsayi. Shaihu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma littattafansa suka cika makarantun zaure, ya kasa hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada. Na al'ada shi ne ƙulla alaƙa tsakanin abu biyu saboda an ga suna tafiya tare a kai a kai, tare da yarda cewa mai yiwuwa ne wata rana su saɓa, kuma ba ɗayansu ne ke halittar ɗayan ba. Duk ilmin iska da cuta a wannan gida na uku yake zaune, kuma jarinsa maimaituwa ce. Mai bincike yakan zo da kuɗin shekara uku ya tafi, shekara uku kuwa ba ta kafa al'ada. A tsibirin Barbados, can hayin Tekun Atilantika, an fara tace iskar da ke zuwa daga Afirka a 1965, wani masani mai suna Joseph Prospero ya riƙe aikin shekara da shekaru, saboda haka ne kawai aka iya ganin cewa ƙurar ta ninka a shekarun farin da ya ci ƙasashenmu a 1970 da 'yan kai da 1980 da 'yan kai. Haka al'amarin sanƙarau. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar yankin da annobar ke zagayawa, daga Senegal zuwa Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Brian Greenwood, suka lura a shekarun 1970 cewa cutar tana tashi da bushewar iska da ƙura, tana kwantawa da saukar ruwan farko. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000. A 2017 wani nau'inta ya sake ɓullowa ta Zamfara da Sakkwato ya kashe fiye da 1,000. Da aka jera lissafin ƙura na Nijar da Mali kusa da rajistar asibitoci, sai aka ga masu kamuwa suna ƙaruwa kamar mako ɗaya ko biyu bayan ƙura ta yi tsanani. Ƙwayar cuta ce sababin kusa, zato mafi rinjaye kuwa shi ne ƙura da bushewa suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro su buɗe mata ƙofa. Babu wanda ya ce dole ne, al'ada ce aka gani. Amma mako biyu na gargaɗi ya ishi mai hankali ya kai magani da allura inda za a buƙace su, kuma riƙon sababi bai taɓa zama kishiyar tawakkali ba a wurin malamanmu.

Turawa sun riga mu cin karo da wannan buƙata ta haɗa sa ido da bincike, su ma wahala ce ta koya musu. A 1967 wani masanin ƙasar Suwidin, Svante Odén, ya bayyana cewa tafkunan ƙasarsu suna lalacewa saboda hayaƙin masana'antun wasu ƙasashe, aka yi ta musu, har sai da aka kafa tashoshin awo na haɗin gwiwa, shirin da ake kira EMEP, aka kuma sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1979 kan gurɓatar iska mai ƙetare iyaka. Yau wannan shiri yana gudanar da awo na musamman tare da haɗakar masu bincike ta ACTRIS, suna kuma zuba lissafinsu a rumbu guda a ƙasar Nowe. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokarsu ta 2008, wadda ta yarda ƙasa ta cire kason ƙurar Sahara daga laifin da za a ɗora mata, amma da sharaɗin ta kawo hujja a kan kowace rana. Wannan shi ne rabon da Shaihu Halilu ya yi, rangwame ga abin da ba shi da makawa, hukunci ga abin da hannu ya ƙaga, sai dai ba a karɓar uzuri da baki.

Na san abin da mutumin Gwaska zai ce, kuma yana da gaskiya ya faɗa. A ranar 5 ga Mayu, 2018, 'yan bindiga suka shiga garin da rana tsaka suka kashe fiye da mutum arba'in, suka ƙona gidaje; shekaru da yawa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ba ta biyuwa sai da rakiya, gonaki sun koma daji, dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma ɗaga shi ya zama gandun ƙasa a 1999, ya zama mafakar masu ɓarna. Wanda ke gudun harsashi ba a yi masa maganar maikirogiram, kuma tsare rai daga takobi yana gaba da tsare shi daga tari, wannan babu saɓani. Amma rashin tsaro bai dakatar da numfashi ba, abin da ya dakatar shi ne shaida. Idan aka buɗe taswirar gurɓatar iska ta duniya za a ga an shafa wa Gwaska launi kamar kowane wuri, launin kuwa daga tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta ya fito, an daidaita shi da tashoshin da suka daɗe irin su Ilori da Banizumbu, masu nisan ɗaruruwan kilomita, waɗanda ba dajinsu ɗaya da Birnin Gwari ba, ba sana'arsu ɗaya ba. Hukunci ne a kan wanda ba ya nan. Malikiyya sun halatta irinsa idan larura ta kama, amma sun sharɗanta a rubuta sunayen shaidu, a kuma ajiye wa wanda ba ya nan hujjarsa har ranar da ya dawo a saurare shi. Abin da nake tsoro shi ne a manta da wannan sharaɗi, ƙiyasi ya daɗe har a ɗauke shi yaƙini.

Hujjar da aka ajiye kuwa ba ƙarama ba ce, domin maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu, iyaye suna cewa zazzaɓi ne ko iskoki, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka auna jini aka gano gubar dalma ce daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, tana shiga ta baki da ta hanci. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ke iyaka da Birnin Gwari, yara 28 suka rasu. Wannan ƙura, da ido, ba ta da bambanci da ta hunturu, babu tauraron da zai hango ta, kuma ƙasar Birnin Gwari ƙasar zinariya ce tun zamanin Turawa. Haka hayaƙin murhu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara a duniya, mafi yawan wahalarsa a kan mata da ƙananan yara. Idan aka kira waɗannan duka hazo aka ce daga Allah ne, an jingina wa ƙaddara abin da shari'a ta ce a tuhumi bawa a kansa, wannan kuwa ba ladabi ba ne ga Ubangiji, zalunci ne ga yaron da ke goye.

Iska ba ta da mai ita, saboda haka sanin halinta ba ya hawa kan mutum guda, farali ne na kifaya, idan wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki alhaki. Musulmi sun taɓa tsayawa da irinsa. A shekarar 861 Halifa Mutawakkil ya sa aka gina ma'aunin kogin Nilu a tsibirin Rauda na Masar, aka naɗa wani malami, Abur Raddad, ya riƙa karanta shi, aka yanka masa albashi, zuriyarsa suka gaji aikin ƙarni bayan ƙarni. Da wannan awo ake sanin harajin da ya dace a ɗora wa manoma, kuma a ƙarni na 20 injiniyoyi suka koma ga wannan dogon lissafi sa'ad da suke tsara madatsun ruwa. Dauloli sun faɗi, mai karanta ma'auni bai tashi ba, domin abincinsa ba a rataye yake da ran wani sarki ba.

Tun ƙarshen 2024, da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, manoma sun fara komawa gonakinsu, kuma lokacin gina abin da aka rasa ya yi. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jama'a ba: rufi guda amintacce, na asibiti ko na makarantar sakandare, a girke mai duban rana da mai tace iska kafaɗa da kafaɗa; ƙananan na'urori a Gwaska da Kuyello da Dogon Dawa, wasu a tsakar gida wasu kusa da injin niƙa, a riƙa kawo su ana gwada su da babbar; takardun tacewa kuwa a kai su Zariya, inda cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello take da kayan tantance ma'adinai, har da tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Na'ura masu bincike za su iya kawowa, doka da ikon hani suna hannun hukuma, amma albashin wanda zai hau rufi kowace safiya ya goge ƙura ya canja takarda, shi ne abin da ke yankewa idan kuɗin baƙi ya ƙare. Wannan nake roƙon attajiran masara da katako na ƙasar su mayar wakafi, a ƙarƙashin kulawar masarauta, a kuma rubuta a takardar wakafin cewa sakamakon kowane wata sai an karanta shi da Hausa a fada da asibiti da masallatan Juma'a kafin a aika da shi ko'ina.